Sakamakon Gwajina Ya Saɓa wa Malamina: In Gyara Lissafi ko In Bar Karatun?

Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne ɗan shekara 34, ina da mata da 'ya'ya biyu. Ina koyarwa a sashen nazarin sinadaran jiki na wata jami'a, a nan kuma nake karatun digiri na uku. Aikina a kan kolinestares ne, sinadarin nan da ke mahaɗar jijiya da tsoka, wanda gubar fiya-fiya ke kashewa. Malamin da ke duba aikina ya yi suna a kan wani ganye. Tun kafin in zo ya wallafa cewa ruwan ganyen yana farfaɗo da sinadarin a jinin ɓeraye bayan an ba su guba. Sai ya ɗora mini in tabbatar da haka a jijiya da tsoka. Yau shekara uku, sau huɗu ina maimaita gwajin, ban ga bambanci tsakanin ɓerayen da na ba ganyen da waɗanda ban ba su ba. Makon jiya ya kira ni ofis ya ce in cire ɓeraye shida da suka ɓata lissafi, sauran za su nuna abin da ake nema. Ya ce kowa haka yake yi. Baba, mutumin nan shi ya samo mini aikin koyarwa, shi ya tsaya mini lokacin aurena. Ƙarin girmana yana rataye da kundin nan. Matata ta gaji, mahaifiyata kuwa duk na je gaishe ta sai ta ce, har yanzu ɓerayen ne? Wani abokina ya samo mini gurbi a kamfanin sayar da magunguna, albashin ya fi nawa. In cire ɓerayen in gama, ko in ajiye karatun in kama aikin kamfani? Barci ya ƙaurace mini.

Wa alaikumus salam, ɗana.

Kada ka cire ɓerayen nan. Wannan na faɗa maka tun daga bakin ƙofa, domin na san a cikin dare idan ka kasa barci zuciyarka tana kawo maka hujjoji: ai shida ne kawai, ai wataƙila Malam ya fi ni gani, ai ba wanda zai karanta kundin. Karatun ma kada ka ajiye shi a wannan watan. Akwai hanya tsakanin biyun da ka lissafa, kuma ita zan ɗauki lokaci in shimfiɗa maka.

Ka san sinadarin nan fiye da ni a yau, amma bari in faɗa da baki saboda masu karatu, da kuma saboda kai kanka, don wanda ya shekara uku yana kallon lambobi yakan manta da wanda ke can ƙarshen lambobin. Duk lokacin da mutum zai ɗaga yatsa ko ya ja numfashi, jijiya ce ke fesa wa tsoka wani ruwan saƙo mai suna asetilkolin. Tsoka ta karɓa ta motsa. Kafin ƙiftawar ido sai kolinestares ya tsinka saƙon ya share wurin, domin tsoka ta saki ta jira na gaba. Ƙwaya ɗaya tasa tana tsinka dubbai a cikin daƙiƙa guda. Abin da fiya-fiya da 'yan'uwanta ke yi shi ne su shiga bakin wannan mai shara su maƙale. Saƙo ya yi ta taruwa ba mai kwashewa. Miyau ya dalala, hawaye da gumi su zubo, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, majina ta cika ƙirji, tsoka ta yi ta rawa har ta gaji ta kwanta, har da tsokar numfashi. Na taɓa tsayawa a kan yaro ɗan shekara uku da aka kawo wani asibiti, ya sha daga kwalbar lemo da aka zuba maganin sauro a ciki. Kafin a kawo shi an ɗura masa madara da manja, an ɓata fiye da awa guda. Ya rayu, da ikon Allah, bayan an yi ta yi masa allurar atirofin, maganin da ke kwantar da aikin wannan guba, har ƙirjinsa ya bushe. Ban manta da fuskar uwarsa ba.

To, ka ɗauka kundinka ya fita yana cewa ganye kaza na warkar da wannan guba. Kana ganin ba wanda zai karanta. Amma Malam zai ambace shi a taro, wani ɗan jarida ya ɗauka, wani mai sayar da magani a mota ya saka shi a lasifika ya ce jami'a ta tabbatar. Wata uwa a ƙauye, ɗanta na dalalar da miyau, ta tura a tsinko ganye a daka maimakon a nemi babur zuwa asibiti. Da kan wasu abubuwan ne da za a ce kuskuren ya tsaya a takarda. Naka bakin rijiya ne.

Akwai cire dabba daga lissafi na halal, kai ma ka sani: ɓera ya mutu kafin lokaci, ko wuta ta ɗauke samfur ya narke ya lalace, ka rubuta dalili a littafinka a ranar, kafin ka ga lambar da zai bayar. Wanda aka ce ka yi kuwa shi ne ka fara duba amsa sannan ka kori shaidun da ba su yi maka daɗi ba. Kuma ba gaskiya ba ne cewa kowa haka yake yi. Wasu suna yi. Da yawa ba sa yi, su ne dalilin da ya sa har yanzu ake iya dogara da wani abu da aka wallafa.

Yanzu maganar Malam. Ba na son ka fita daga shafin nan kana kallonsa a matsayin maƙaryaci. Umurnin da ya ba ka ba daidai ba ne, wannan ba ja. Amma na fi zaton ya yi imani da ganyen nan har zuciyarsa, yana ganin ɓerayenka ne suka yi kuskure. Wannan ciwo ne da ke kama manyan masana, kuma a fagenka ɗin nan akwai wanda ya kama da ya kamata ka san labarinsa, domin kusan duk abin da kake taɓawa a ɗakin gwaji ya bi ta hannunsa.

David Nachmansohn sunansa. An haife shi a 1899 a garin da yau ake kira Dnipro a Yukren, ya girma a Barlin, ya karanta likitanci, ya koyi bincike a wajen Otto Meyerhof, wanda ya sami kyautar Nobel a kan yadda tsoka ke samun ƙarfi. Da Hitila ya hau mulki a 1933, Nachmansohn, kasancewarsa Bayahude, ya bar Jamus ya koma Jami'ar Sorbonne a Faris. A lokacin magana ta yi zafi a kan yadda jijiya ke yi wa tsoka magana. Otto Loewi ya riga ya nuna a 1921, da zukatan kwaɗi biyu, cewa jijiya ruwa take fesawa. Henry Dale da abokansa a Landan sun nuna asetilkolin ne ruwan har a tsokar da muke motsawa da ganganci, Loewi da Dale suka raba Nobel a 1936. Amma masu ja suna cewa: tsoka tana motsi cikin sauri irin na walƙiya, wane sinadari ne zai iya share saƙo da wannan hanzari? Nachmansohn da Annette Marnay suka zauna suna yanka tsokar kwaɗo siriri-siriri, suna auna kowane yanki. Suka tarar kolinestares ya taru jingim daidai inda jijiya ta sauka a kan tsoka, sauran wuraren kaɗan ne. Daga nan ya juya ga wani kifin teku mai lantarki da ake kira Torpedo, wanda ke girgiza mutum kamar minjiryar kogunanmu ko da yake ba danginsu ɗaya ba. Ya gano cewa naman da ke samar da lantarkin yana tsinka asetilkolin fiye da nauyin kansa a cikin awa guda. A 1939, a garin Arcachon na bakin tekun Faransa, shi da Wilhelm Feldberg da Alfred Fessard suka nuna cewa asetilkolin ne ke kunna wannan lantarki. Kifin nan ya zama rumbun da masana suka yi ta ɗiba shekara da shekaru, har a 1991 Joel Sussman da Israel Silman suka fitar da cikakkiyar surar sinadarin daga jikin irin kifin, aka ga bakinsa a can ƙasan wani rami mai zurfi da ƙunci.

A shekarar 1939 ɗin ya ƙaura Amurka, Jami'ar Yale, daga 1942 kuma Jami'ar Kolumbiya. A 1943 shi da abokin aikinsa Machado suka gano sinadarin da ke ƙera asetilkolin tun farko. Mujallu uku suka ƙi karɓar takardar, domin abin da ta nuna ya saɓa wa abin da manya suka sani a lokacin, sai ta huɗu ta buga. A can shi ne mai gaskiya, masu ƙin karɓa su ne a kan kuskure. Ina ganin wannan nasara ce ta koya masa cewa idan duniya ta ja da shi, duniya ce ba ta gane ba.

Domin yana da wata fahimta da ya so fiye da duk waɗannan. Ya yi imani cewa asetilkolin ba a mahaɗa kaɗai yake aiki ba, shi ne ke tafiyar da saƙo a duk tsawon jijiya, daga tushe har ƙarshe. A 1952 Alan Hodgkin da Andrew Huxley suka nuna, da ƙatuwar jijiyar wata dabbar teku, cewa shigar gishirin sodiyam da fitar fotasiyam ta ƙofofin bangon jijiya ne ke tafiyar da saƙon. Wasu suka ba jijiya gubar da ke kashe kolinestares, saƙo ya ci gaba da gudu a cikinta. Duk gwajin da aka kawo masa sai ya sami amsa: gubar ba ta ratsa ciki ba, awon bai yi kyau ba, ɗan abin da ya rage na sinadarin ya isa. Haka ya riƙe har ya rasu a 1983. Mutum ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, wanda ya horar da ɗalibai da suka zama manya, amma a wannan batu bai sauko ba.

Ka duba abin da ya rage na aikinsa a yau. Duk abin da ya auna ya rubuta yadda ya gan shi yana nan daram, kai ma a kansa kake tsaye. Fahimtar da ya fi ƙauna ta faɗi. Kuma a ɗakin gwajinsa ne Irwin Wilson da Sara Ginsburg suka yi tunanin yadda gubar ke maƙalewa a bakin sinadarin, suka ƙera wani abu da zai shiga ya ɓamɓaro ta. Shi ne piralidoksim, a 1955, a daidai lokacin da wasu masana a Ingila su ma suka isa wurin. Wilson bai lanƙwasa awonsa don ya dace da ra'ayin maigidansa ba. Ya yi aikinsa a ƙarƙashin inuwar mutumin, da kayan aikin mutumin, ya fito da abin da likitoci suka yi ta amfani da shi a duniya.

Wannan ne matsayin da nake so ka nema. Ka riƙe Malam da hannu biyu, ka saki ganyen idan ya ƙi tsayuwa.

Neman magani a ganye ba wauta ba ne, kada ka bari kowa ya sa ka raina asalin aikin. Abu na farko da duniya ta sani yana taɓa kolinestares daga ƙasar nan ya fito: waken Kalaba, wanda Efik ke kira esere suke ba wanda ake tuhuma da maita ya ci. Daga cikinsa aka tace fisostigmin a 1864. A 1934 wata likita a Landan, Mary Walker, ta yi wa wata mai ciwon mutuwar tsoka allurarsa, fatar idonta da ta faɗi ta ɗaga, ta iya haɗiya. Sai dai ka lura, shi danne sinadarin yake yi. Tsirrai masu danne shi suna da yawa. Mai ɓamɓare guba daga bakinsa kuwa aiki ne mai wuya ƙwarai, wanda sai da aka zauna aka ƙera wa mabuɗi na musamman. Saboda haka da'awar Malam babba ce, tana bukatar shaida mai nauyi.

Ruwa ba ya tsami banza. Idan Malam ya ga wani abu a wancan lokacin, akwai abin da ya jawo shi, kuma gano wannan abin shi ne ƙofar fitarka. Ina zaton da hanyar Ellman kuke awo, wadda aka wallafa a 1961, inda sinadarin ke tsinka asetiltayokolin, wani makamancin asetilkolin, abin da ya fita ya haɗu da wani sinadarin awo mai suna DTNB ya ba da ruwan ɗorawa, na'ura ta karanta ƙarfin launin a lambar haske ta 412. Hanya ce mai kyau da araha, amma tana da ramuka. Ruwan ganye yakan zo da launinsa. Wasu ganyayen suna ɗauke da sinadaran farar wuta da ke juya DTNB zuwa ɗorawa ko da babu kolinestares ko ƙwaya ɗaya a kwalbar. Jan jini ma yana shan haske a kusa da wannan lamba. Wanda bai ajiye kwalbar shaida mai ganye zalla ba, babu nama babu jini, zai ga launi ya ƙaru ya ce sinadari ya farfaɗo. Ka gwada wannan gobe da safe, ba ya cin ɓera ko ɗaya.

Sai maganar lokaci, wadda na fi zargi. Dikulobos, wato ainihin gubar da ke cikin fiya-fiya, tana cikin rukunin da riƙonsu ke sakin sinadarin da kansa. A jinin mutum rabin abin da aka kama yana iya kuɓuta cikin ƙasa da awa guda idan gubar ta bar jiki, rabin wanda bai kuɓuta ba kuma yana tsufa cikin kusan awa huɗu, ya kai matsayin da ba abin da zai ƙara ɓamɓare shi. Wani rukunin gubar kuwa, masu ɗauke da etil irin su faratiyon, tsufansu yakan haura awa talatin. Ɓera kuma hantarsa tana gaggawar narkar da dikulobos. Idan a gwajin farko an auna waɗanda aka ba guba zalla da wuri, aka auna waɗanda aka ba ganye bayan 'yan awanni, to ba makawa na biyun za su fi, ko da ruwan randa aka ba su. Ka ɗauko tsohuwar takardar Malam ka duba awa nawa aka rubuta wa kowane rukuni.

Na uku, ka ce shi a jini ya auna, kai a jijiya da tsoka. Ka san a ruwan jini akwai ɗan'uwan sinadarin, butirilkolinestares, wanda hanta ke ƙerawa tana zubawa kullum. Zai yiwu ganyen yana taɓa hanta ko yana rage shigar guba daga hanji, lambar jini ta motsa, alhali a mahaɗar tsoka, inda rai yake, ba abin da ya sauya. In haka ne, ku biyun duka kun ga gaskiya, wurin da kuka duba ne daban. Wannan ma sakamako ne mai daraja, kuma zai ba Malam wurin tsayawa ba tare da ya ji an kunyata shi ba.

Abin da za ka nema a wurinsa shi ne gwaji na biyar, na ƙarshe, wanda ku biyu za ku tsara tare kafin a taɓa ɓera. A rubuta a takarda: ɓeraye nawa, awa nawa bayan guba za a auna, wane dalili ne kaɗai zai sa a cire dabba. A saka rukunin da za a ba piralidoksim, domin a nuna cewa idan farfaɗowa ta auku awonka yana iya ganinta. Wannan zai rufe bakin duk mai cewa hannunka ne bai iya ba. Sannan a ba wani na uku, ma'aikacin ɗakin gwaji ko wani malami da kuka yarda da shi, ya lulluɓe sunayen kwalabe da lambobi ya kulle takardar. Kai ba ka san wacce ce wacce ba, Malam ma bai sani ba, sai an gama karantawa a buɗe a gabanku. Na san kuɗin ɓeraye da sinadarai daga aljihunka suke fita, na san wahalar wuta. Amma gwaji guda irin wannan ya fi huɗun baya nauyi, kuma wata biyu ko uku ya ishe shi.

Yadda za ka shiga wajensa yana da muhimmanci kamar gwajin. Kada ka tare shi a gaban ɗalibai ko a taron sashe. Kada ka rubuta masa saƙon waya. Ka same shi a gida bayan la'asar, kamar yadda ɗa ke zuwa wajen uba, ka gaishe shi, ka tuna masa alherinsa gare ka da bakinka, domin gaskiya ne kuma yana bukatar ya ji ba ka manta ba. Sannan ka ce: Malam, ina jin tsoron ranar kare kundi mai jarrabawa na waje ya nemi littafin gwaji ya ƙirga ɓeraye, sunanka ya fi nawa girma, shi zai fi taɓuwa. Ina roƙon ka ba ni dama mu yi gwaji guda da ba wanda zai iya sukarsa. Idan ganyen ya ci, ni ne na farko da zan yi shela. Ka faɗi wannan na ƙarshen ne kawai idan har zuciyarka haka yake, kuma ya kamata ya zama haka yake, domin kai ma ɗan Adam ne, bayan shekara uku kana iya zama mai son ganin ganyen ya faɗi. Lulluɓe kwalaben nan yana kare gaskiya daga gare ka kamar yadda yake kare ta daga Malam. Durƙusa wa babba ba ya rage maka komai, in dai lambobinka suna tsaye.

Zai iya cewa, to idan bai yi aiki ba me za ka rubuta, kundin babu? Kundi ne cikakke. Ka ba shi misalin piralidoksim ɗin kansa. Bayan an yi shekara hamsin ana amfani da shi, Michael Eddleston da abokan aikinsa suka gwada shi a Siri Lanka a kan marasa lafiya 235 da suka sha maganin ƙwari, aka wallafa a 2009. Maganin ya farfaɗo da sinadarin a jini sarai, amma bai rage mace-mace ba. Suka rubuta haka yadda suka gani, ko da yake ba abin da suka yi fata ba ne, kuma aikin ya sa likitoci suka koma suna sake tunani a kan wace guba, wane lokaci, wane adadi. Kundin da zai ce mun gwada ganye kaza a jijiya da tsoka ta hanya mai tsauri bai farfaɗo da kolinestares ba, ga kuma abin da ya sa a jini ake ganin kamar ya yi, kundi ne da zai hana ɗalibai goma na bayanka ɓata shekarunsu, kuma mujallun ƙwarai suna karɓar irinsa.

Idan ya ƙi, ya nace sai an cire shidan, to ka yi haƙuri ka ce masa ba za ka iya ba, da murya ƙasa, sau ɗaya, ba gardama. Daga nan ka nemi malami na biyu da ke cikin masu duba aikinka, ko mai kula da karatun gaba da digiri a sashenku, ka nemi shawara kafin ka kai ƙara. Dokokin jami'o'i sun tanadi sauya mai duba aiki, kuma sau da yawa dattijo guda da Malam ke jin nauyinsa yana iya kashe wutar ba tare da takarda ta shiga ofis ba. Tun daga daren yau ka ɗauki hoton kowane shafi na littafin gwajinka, da kwanan wata, ka aika wa kanka ta imel, ka ajiye wani a gida. Ba don ka yaƙe shi ba. Don kada wata rana a ce kai ne ka yi sakaci. Ba zan ɓoye maka ba, wannan hanya tana iya ƙara maka shekara guda, tana iya sanyaya tsakaninku na wani lokaci. Amma wanda ya cire ɓeraye shida sau ɗaya ya ba wani riƙo a kansa har ƙarshen aikinsa, kuma ranar da ɗalibinsa ya kawo masa lambobin da ba su yi daɗi ba, ba shi da bakin magana.

Aikin kamfani halal ne, ba abin kunya a cikinsa. Idan bayan an buɗe kwalabe ka duba zuciyarka ka ga ba ka son bincike kuma, ka tafi da kanka a sama. Abin da ba na so shi ne ka karɓe shi a guje, ka bar littafinka a kan tebur wani ɗalibi ya zo a ba shi umurnin da aka ba ka. Ka tambayi abokin naka ko gurbin zai jira wata uku. Daga yadda ka rubuta wasiƙarka, mutumin da ya maimaita gwaji sau huɗu da kuɗinsa don bai yarda ya rubuta abin da bai gani ba, ina ganin an yi ka don wannan aiki. Kuma ƙasar nan tana bukatar wanda ya iya auna kolinestares da gaskiya. Masu noman rani suna feshi da rana tsaka ba safar hannu ba takunkumi, ba wanda ke duba jininsu. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wakenmu saboda yawan dikulobos da aka samu a ciki, waken da mu muke ci kullum. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari na Sniper a kasuwanni da shaguna saboda yadda ake shan sa. Duk waɗannan wurare ne da hannunka zai yi amfani bayan kundin.

Matarka kuwa, ka zaunar da ita ka faɗa mata komai, har da maganar shidan. Ina zaton rabin gajiyarta rashin sanin ranar ƙarshe ne, da ganin kana juyi a gado ba ka ce mata komai ba. Ka ba ta wata da za a buɗe kwalabe, ka ce daga ranar za ku yanke shawara tare. Hajiya kuma, in ta sake tambayar ɓeraye, kada ka yi mata bayanin sinadari. Ka ce mata, Inna, kin san yaran da ke shan fiya-fiya a kai su asibiti? Ina binciken abin da ke ceton su da abin da ba ya ceton su, don kada a yaudari iyayensu. Sannan ka roƙe ta addu'a kafin ka je gidan Malam, ka kuma duba ƙarƙashin gadonta da bayan ƙofar kicin, in akwai kwalbar maganin sauro inda jikoki ke kaiwa ka ɗauke ta.

Ka rubuto mini bayan ka gwada kwalbar ganye zalla. Ina son in ji ko ta yi ɗorawa.